SANA'AR HAƊA KIƊA DA ƊAUKAR SAUTI GA MAI ZAMAN KANSA

Kowace waƙa da ake ji a rediyo, ko a wayar hannu, ko daga lasifikar mai shago a bakin kasuwa, sunan mutum ɗaya ake kira a kanta, watau mawaƙin. Amma kafin ta iso kunnen jama'a sai da ta bi ta hannun waɗansu ma'aikata biyu waɗanda ba safai ake ambatonsu ba. Na farko shi ne mai haɗa kiɗa, wanda 'yan sana'ar ke kira furodusa. Na biyu shi ne injiniyan ɗaukar sauti. A Nijeriya ta yau galibi mutum ɗaya ne ke riƙe da ayyukan nan biyu, kuma galibi ba ya ƙarƙashin kowane kamfani. Aikin jinga yake yi: wanda ya kawo waƙa ya biya, a yi masa, ya tafi, wani ya shigo.

An shirya wannan ɗan littafi domin samari da 'yan mata masu sha'awar shiga sana'ar, da iyayen da ake roƙo su sayi kayan aiki, da kuma mawaƙan da ke kai ayyukansu ɗakunan ɗaukar sauti. Abin da ake so a fahimta shi ne, mai zaman kansa a wannan fanni yana ɗauke da nauyi biyu. Akwai aikin kunne, wanda kowa ya sani. Akwai kuma aikin takarda, wanda a da kamfani ne ke kula da shi, yanzu kuwa in mutum bai yi wa kansa ba, ba mai yi masa. Yawancin asarar da 'yan sana'ar ke yi daga wajen takarda take ɓullowa.

YADDA SANA'AR TA FITA DAGA HANNUN KAMFANONI

A shekarun 1960 da 1970 ɗaukar waƙa aikin manyan kamfanoni ne da gidajen rediyo, domin su kaɗai ke da ƙarfin sayen na'urorin. Kamfanonin EMI da Decca da Philips duk suna da rassa a Ikko, watau Legas. A ɗakin EMI ne Paul McCartney, Baturen Ingila, ya ɗauki yawancin faifansa mai suna Band on the Run a cikin 1973, da na'ura mai layi takwas. A wannan shekarar kuma Ginger Baker ya buɗe nasa ɗakin a Ikeja da na'ura mai layi goma sha shida. A Anaca akwai kamfanonin 'yan ƙasa irin su Tabansi da Rogers All Stars, kuma na biyun ne ya fitar da Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976. A Arewa kuwa, gidan rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 shi ne ya ɗauki muryoyin makaɗan gargajiya masu yawa, ya kai su kunnen duniya.

A wancan zamani furodusa ma'aikaci ne mai albashi. Odion Iruoje, alal misali, a ƙarƙashin EMI ya yi aiki da Fela da kuma ƙungiyar samarin nan Ofege. Kamfani ne ke neman mawaƙi, ya rubuta yarjejeniya, ya buga faifai, ya rarraba, ya adana asalin abin da aka ɗauka a ma'ajinsa. Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amari ya juya. Darajar naira ta faɗi, shigo da kayan buga faifai ya yi tsada, ga kuma kaset, wanda Philips ya ƙago tun 1963, ya sauƙaƙa wa masu satar fasaha aikinsu, tun da duk mai rikoda biyu zai iya kwafar waƙa. Kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu suka janye. EMI ya koma Ivory Music, PolyGram, wanda ya gaji Philips, ya koma Premier.

Gurbin da suka bari, kwamfuta ce ta cike shi. Abin da a da sai da ɗaki cike da na'urori, yanzu manhajoji irin su Cubase da Pro Tools da FL Studio suna yin sa a kan teburi guda. A Kano, daga ƙarshen shekarun 1990, waƙoƙin finafinan Hausa suka haifar da ɗakunan ɗaukar sauti masu yawa, inda fiyanon Yamaha ya zama shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne goge. A Ikko 'yan kasuwar Alaba suka zama su ne masu rarraba faifai. Ta haka ƙofa ta buɗe wa kowa, sai dai ofishin da ke rubuta yarjejeniya da ma'ajin da ke adana faifai sun tafi tare da kamfanonin.

AIKIN KUNNE

Furodusa shi ne mai tsara yadda waƙa za ta kasance. Shi ke zaɓen saurin kiɗa da kayan da za a sa, da inda amshi zai shigo, da baitin da ya kamata a yar domin waƙar ta yi tsawo. A kiɗan zamani shi ne ma ke ƙirƙiro kiɗan tun daga tushe. Wani ɓangare na aikinsa kuwa ba ya cikin kowace na'ura, watau iya zama da mutane. Mawaƙin da ya maimaita baiti ɗaya sau goma ya gaji, ya fara jin kunya ko fushi, kuma sai mai haƙuri da hikima ne zai san ko a ce masa ya sake, ko a ba shi ruwa ya huta.

Injiniya shi ne mai kama sautin. Sauti girgizar iska ce, kuma kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa 20,000 a cikin sakan ɗaya. Makirfo yana mai da girgizar nan lantarki, kwamfuta kuma ta mai da lantarkin lambobi. A ma'aunin faifan CD, wanda ya fito a 1982, ana auna sautin sau 44,100 a kowane sakan. Makirfo iri biyu aka fi amfani da su. Akwai mai jure ƙara da wahala, irin wanda ake riƙewa a dandali, akwai kuma mai kaifin ji wanda ake ba shi wuta ta bolt 48, wanda ke kama numfashin mawaƙi, ya kama kukan zakaran maƙwabta ma in an yi sake. An saba ajiye bakin mawaƙi kamar taƙi ɗaya daga makirfo, a sa 'yar rariyar yadi a tsakani domin ta tare iskar da ke fita da ƙarfi wajen furta waɗansu baƙaƙe.

Babban kuskuren ɗan koyo shi ne ɗaga ƙarfin sauti har ya kai ƙurewar ma'auni. A na'urar kwamfuta akwai iyakar da sauti ba ya wucewa, in ya buge ta sai ya fashe, kuma abin da ya fashe wajen ɗauka da wuya ya gyaru daga baya. Wannan ya fi faruwa da kayan kiɗan gargajiya. Kakaki da algaita suna da ƙarar da ke bukatar a ja makirfo baya. Kalangu kuwa muryarsa na hawa da sauka gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, saboda haka in aka manna makirfo a fatar sai a ji duka kawai, a rasa maganar gangar. Kuntigi ƙaramin sauti gare shi, tilas a matso kusa, a kuma rufe duk wata kafa ta hayaniya. Waɗannan abubuwa ba a rubuce suke a takardar da ke zuwa da na'ura daga Jamus ko Japan ba. A wurin na gaba ake koyon su, da kuma yawan gwaji.

Bayan ɗauka sai haɗawa. Kowace murya da kowane kayan kiɗa suna kan layinsu dabam, injiniya zai daidaita ƙarfinsu, ya rage inda biyu ke danne juna, ya tura wannan dama wancan hagu, har su zama abu ɗaya. Daga nan sai gogewar ƙarshe, wadda 'yan sana'ar ke ce wa mastarin, domin waƙar ta fita daidai a babbar lasifika da ƙaramar waya. Gwanaye sukan saurari aikinsu a cikin mota da kuma a 'yar rediyo mai araha kafin su miƙa shi, tun da a nan ne yawancin jama'a za su ji shi.

Akwai wani abu da ya kamata a ja kunnen masu aiki da harsunan ƙasar nan a kansa. Hausa da Yarabanci da Ibo duk harsuna ne masu karin sauti, kuma a Hausa tsawon wasali ma yana sauya ma'ana, kamar yadda garin da ake zama ya bambanta da garin da ake tuwo da shi. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 ana iya miƙe muryar da ta kauce, ana kuma iya ja ko taƙaita kalma domin ta hau kiɗa. Amfanin wannan a fili yake. Amma in aka cika hannu, sai kalmomi su narke, dattijo ya saurari waƙa da harshen uwarsa ya kasa tsintar abin da ake faɗa. Injiniyan da ba ya jin harshen da ake waƙa da shi, ya fi masa kyau ya zaunar da mai ji kusa da shi.

ƊAKI DA WUTA DA LAFIYAR KUNNE

Masu fara sana'ar sukan kashe kuɗinsu duka a kan makirfo su manta da ɗaki, alhali kuwa makirfo mai tsada a mugun ɗaki muguntar ɗakin zai ƙara fitarwa. Matsala biyu ce, kuma maganinsu dabam dabam ne. Hana hayaniyar waje shigowa sai da nauyi, watau bango mai kauri da ƙofa mai rufuwa ruf ba kafa. Hana amsa-kuwwa a ciki kuwa sai da abu mai laushi da kauri, irin su labule mai nauyi da katifa da darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar babur shigowa ko kaɗan. Haka kuma ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya yakan ruɗi kunne wajen sauti mai kauri, ya sa injiniya ya ƙara abin da ya kamata ya rage.

Wutar lantarkin ƙasar nan tana juyawa sau 50 a sakan, kuma in ba a binne wayar ƙasa yadda ya kamata ba, sai wani gunji ya riƙa bin duk abin da aka ɗauka. Janareta yana kawo ƙararsa ta iska da ta waya. Saboda haka masu hali sukan yi ɗauka da batir da inbata, ko da hasken rana, su bar janareta domin caji. Lalle ne kuma mai sana'a ya lissafa kuɗin mai da na gyaran inji cikin farashin aikinsa, in ba haka ba zai wayi gari yana yi wa mai gidan mai bauta.

Kunne shi ne jarin da ba a sayen wani in ya lalace. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa ƙara mai ƙarfin desibel 85 kada ta wuce awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Watau a desibel 88 awa 4 ke nan, a desibel 100 kuwa minti 15 kacal. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa in sun mutu. Wanda ya tashi daga aiki yana jin kunnensa na ƙugi, gargaɗi ne aka yi masa. Abin lura kuma, ƙara mai yawa tana yaudara, kome aka saurara da ƙarfi sai ya yi kamar ya yi daɗi.

HAƘƘI BIYU A CIKIN WAƘA ƊAYA

Nan ne gizo ke saƙa. Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 17 ga Maris, 2023, ta maye gurbin ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da aiwatar da ita. A idon doka, abin da mai sauraro ke ɗauka waƙa ɗaya ce dukiya biyu ce. Ta farko ita ce waƙar kanta, watau baitoci da karin murya da kiɗan da aka ƙirƙira. Ta biyu ita ce ɗaukar da aka yi mata a rana kaza a ɗaki kaza. Ana iya samun mai ta farko dabam, mai ta biyu dabam.

Tsawon ransu ma ba ɗaya ba ne. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Haƙƙin ɗauka kuwa shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da ita ga jama'a. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015, nasa sai ƙarshen 2085. Furodusan da ya yanko ɗan guntun tsohon faifai ya dasa a sabon kiɗansa, yana ganin ai tsoho ne, ko ai sakan biyar ne kawai, ya taɓa dukiyar magada. Wajibi ne ya nemi izini tun kafin waƙar ta fita, domin bayan ta yi kasuwa farashin izini ba ya zama ɗaya da na jiya.

To, ina matsayin furodusa a cikin dukiyoyin nan biyu? In shi ya ƙirƙiri kiɗan, to yana cikin masu waƙar, tare da wanda ya rubuta baitoci. Game da ɗauka kuwa, doka ta ce mai ita shi ne wanda ya yi shirye-shiryen da suka sa aka yi ɗaukar. Wannan magana tana da sauƙin fahimta lokacin da kamfani ne ya kama ɗaki ya biya kowa. Amma a ce mawaƙi ya biya rabin kuɗi, furodusa ya ba da ɗakinsa da wutarsa da dare uku na aikinsa bisa alkawarin sai waƙa ta fita, wani attajiri kuma ya biya 'yan amshi, wane ne ya yi shirye-shiryen? Kowane cikinsu zai iya cewa shi ne, kuma ba za su faɗa ba sai ranar da kuɗi ya shigo. Injiniyan da ya ɗauka kawai, bai ƙirƙiri kome ba, galibi ladan aikinsa ne rabonsa, sai fa in an rubuta masa wani kaso.

Doka ta kuma tanadi cewa haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙiri abu, sai in yarjejeniya ta ce wani abu dabam, kuma sayar da haƙƙi ko ba wani shi kaɗai izinin amfani ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan tanadi yana yanka ta gefe biyu. Mawaƙin da ya biya kuɗin kiɗa ba tare da takarda ba, kada ya ɗauka ya mallake shi, domin furodusa zai iya ba wani irinsa gobe. Furodusan da ya sa hannu a takardar da bai karanta ba kuwa, ta yiwu ya sayar da gonarsa da kuɗin kwando ɗaya na amfaninta. Abin da ba ya sayuwa muddin mutum na raye shi ne haƙƙinsa na a ambaci sunansa a kan aikin da ya ƙirƙira.

Takardar da ake magana ba sai ta yi shafi ashirin ba. Shafi ɗaya ya isa ga ƙaramin aiki, in dai ya ƙunshi sunan waƙa da ranar ɗauka, da cikakken sunan duk wanda ya sa hannu a ƙirƙirar ta da kason kowa cikin ɗari, da wanda ya mallaki ɗaukar, da kuɗin aiki da lokacin biya, da yawan gyaran da za a yi kafin a nemi ƙari. A sa hannu a ranar da aka gama, kowa na cikin fara'a. Makaɗa da 'yan amshin da aka gayyato su ma doka ta ba su haƙƙi a kan wasansu, don haka a karɓi yardarsu a rubuce sa'ad da ake sallamar su. Waɗansu suna ganin kawo takarda tsakanin abokai rashin yarda ne. Ai ko gona ɗan'uwa ya sayar wa ɗan'uwa akan kira shaidu, ba a kuwa ce an ci mutuncin kowa ba.

Ba sai an yi rajista haƙƙi ke tabbata ba, yana tabbata ne da zarar an ɗauki aikin ko an rubuta shi. Duk da haka Hukumar tana da tsarin rajista ta intanet, kuma takardar shaidar da take bayarwa tana da amfani ranar jayayya.

HANYOYIN SHIGOWAR KUƊI

Hanya ta farko ita ce ladan aiki, ko a kan awa ko a kan waƙa. Al'adar da ta fi tsare mai sana'a ita ce ya karɓi kafin alƙalami, galibi rabi, sa'an nan kada ya saki cikakken aikin sai an cika. Hanya ta biyu ita ce kason abin da waƙar za ta riƙa samowa. A Amurka da Ingila an saba ba furodusa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin ɗauka, ban da kasonsa na marubuci in shi ya ƙirƙiri kiɗan. A nan gida kowa da yadda ya daidaita.

Zaɓi tsakanin hanyoyin nan biyu lissafi ne. Alal misali, a ce an yi wa furodusa tayin naira 200,000 a sayi kiɗansa ɗungurungum, ko kuwa naira 100,000 tare da kashi 20 cikin ɗari na abin da waƙar ta samo. Sai waƙar ta samo naira 500,000 kafin tayi na biyu ya kamo na farko. Waƙoƙi da yawa ba sa kai haka, kuma mai iyali da kuɗin haya a gabansa ba a ce ya yi wauta ba in ya karɓi na hannu. Amma wanda ya sayar da kome a kowane aiki na shekara ashirin, ranar da ɗaya ta yi fice ba shi da ko anini a cikinta.

Kuɗin kuwa ba ƙarami ba ne. Kamfanin Spotify, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2021, ya ba da sanarwar cewa mawaƙan ƙasar nan sun samu fiye da naira biliyan 25 ta hanyarsa a 2023, da fiye da biliyan 58 a 2024. Ga kuma Boomplay da Audiomack da Apple Music da YouTube. Don Jazzy, wanda da haɗa kiɗa ya fara, ya kafa kamfanin Mavin a 2012, kuma a 2024 kamfanin Universal ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. Sai dai na'urorin da ke raba kuɗin nan ba su san fuskar kowa ba, sunaye da lambobi kawai suke karantawa. Kowace ɗauka tana da lambar shaida ta duniya mai harafi da adadi 12, kuma wanda ba a shigar da sunansa ba lokacin da aka ɗora waƙar, kasonsa zai wuce wani wuri. Kuɗin da gidajen rediyo da talabijin da otal-otal ke biya domin sa waƙa kuwa, ƙungiyoyin tattara haƙƙi ne ke karɓa su raba wa membobinsu. Doka ta ce sai da amincewar Hukumar irin wannan ƙungiya za ta yi aiki, saboda haka kafin mutum ya shiga wata ya tambayi ofishin Hukumar mafi kusa da shi ko lasisinta na nan da rai.

RAJISTA DA HARAJI DA RANAR CIWO

Mai ɗakin ɗaukar sauti ɗan kasuwa ne. In yana aiki da wani suna wanda ba nasa na yanka ba, sai ya yi wa sunan rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya buɗe asusun banki dabam da na cefane. Harajin mai zaman kansa hukumar harajin jihar da yake zaune ake biya wa. A ƙarƙashin dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba a ɗora musu haraji. A riƙa ajiye rasit na mai da haya da gyara. Waɗansu jihohi kuma suna da nasu ƙa'idoji, kamar Kano, inda Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001 take sa ido a kan mawaƙa da ɗakunan ɗaukar sauti.

Mai zaman kansa ba shi da hutun ciwo, ba shi da fansho sai wanda ya tara da hannunsa. OJB Jezreel, wanda ya haɗa kiɗan African Queen ta 2Face Idibia a 2004, yana cikin gwanayen zamaninsa, amma da ciwon ƙoda ya kama shi sai da aka yi yekuwar neman taimako a 2013 kafin a yi masa dashe. Ya rasu a 2016. Tun 2019 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe wa masu sana'ar kansu hanyar tara fansho kaɗan kaɗan, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane mazaunin ƙasar nan ya shiga wani tsari na inshora.

ADANA ASALIN AIKI DA NEMAN HAƘƘI

Asalin ɗauka, da layukanta ɗaya ɗaya kafin a haɗa, shi ne uwar dukiyar. Minti ɗaya na sauti a ma'aunin CD yana cin wajen megabait 10, kwafin MP3 da ake turawa ta waya kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na haka ne, domin an zubar da sauran. Ba a komawa daga ƙaramin zuwa babban. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani gida dabam ko a intanet. Manya ma ba su tsira ba, domin gobarar da ta tashi a harabar Universal a Amurka a 2008 ta cinye asalin faifai masu ɗimbin yawa. A rubuta a yarjejeniya wanda zai riƙe layukan, da tsawon lokacin da injiniya zai adana su.

In aka ɗora aikin mutum a intanet ba da izininsa ba, dokar 2022 ta ba shi damar rubuta wa masu shafin takardar neman su sauke shi, kuma zai iya kai kuka ga Hukumar. In magana ta kai ga shari'a, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron ƙararrakin haƙƙin mallaka. Mai ƙara ya tafi da takardar yarjejeniya, da shaidar biyan kuɗi ta banki, da saƙonnin da suka yi musaya, da kuma asalin layukan aikin a kwamfutarsa masu ɗauke da ranar da aka fara su.